Mura ta kama ni, ga ranar gwajin cutar alkama ta matso

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Aboabo nake a Kumasi, shekarata 34. Kusan shekara biyu ina fama da kumburin ciki, zawo da ƙarancin jini, na sha maganin olsa da na taifod har na gaji. Yanzu likitana yana zargin cutar siliyak, wato ciwon da cin alkama ke lalata hanji, ya rubuta mini gwajin jini ranar Litinin, bayan mako biyu kuma a zura mini kyamara ta baki. Ga shi hunturun nan ya saukar mini da mura da tari. Murar za ta ɓata sakamakon? Da ƙyar na haɗa kuɗin. Burodi da taliya dai na bar su mako uku ke nan, wata mai maganin gargajiya ce ta ce in wanke cikina kafin gwaji.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki kan mura. Gwajin tTG-IgA yana neman garkuwar da jikin mai cutar ke ƙerawa idan gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama, ya taɓa hanji, majina da atishawa ba sa canza wannan, kuma ba sai kin zo da azumi ba. Ki dai tabbata an haɗa da awon jimlar IgA, wato nau'in garkuwar da gwajin ke dubawa, don akwai masu ƙarancinta, su gwajin kan nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. Farasitamol ba laifi. Amma in kemis ya haɗa miki deksa ko firednisolon, ki faɗa wa likita, suna danne garkuwar jiki. Kyamara ce ke da ruwa da mura: in har ranar akwai zazzaɓi, tari daga ƙirji ko hanci a toshe, kira su tun da wuri, don allurar barci da numfashi mai sarƙewa ba sa shiri.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙarshen wasiƙarki. Wanke ciki! Kullum sai an zo mini da wannan magana, daga bakin masu jarka a tasha, ko daga wani bidiyon TikTok. Ɓarawo ake so a kama, ke kuma kin share sawunsa kafin masu bin sawu su iso. Da zarar an daina cin alkama, garkuwar nan sai ta fara sauka a jini, hanjin ma ya fara warkewa. A ɗibi jini a ce babu, a gutsuro tsokar hanji da kyamara a ce babu. Kuɗi sun tafi, kin koma gida da takardar ƙarya, kin ci gaba da shayi da burodi wasu shekaru, jini na zuƙewa, ƙashi na lalacewa, wasu matan har ɓari suke ta yi ba su san dalili ba. Mai maganin kuwa ta sayar da jarkarta, ba wanda zai tuhume ta.

Mu kuma a zango abin ya fi sauƙin faruwa, don cimarmu ta asali babu gulutin: koko da ƙosai, tuwon zafi, fura, masa, dokunu, duk gero ne da masara da wake da shinkafa. Mai mura kuwa koko yake nema. Sai mutum ya yi makonni bai taɓa alkama ba, bai ma lura ba. Alkamar tana cikin burodi, pinkaso, Indomie, biskit da taliyar da ake ɗora miki kan wake da shinkafa.

Kada kuma wani ya ce miki ciwon Turawa ne. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 yana da shi, kuma a wani bincike da aka wallafa a 1999 an auna yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara a nan Afirka, aka samu sama da 5 cikin 100.

To yanzu ga abin yi. Kada ki je Litinin ki yi shiru. Kira likitanki ki gaya masa mako uku kin bar alkama. Mai yiwuwa ya ɗaga ranar. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ci alkama fiye da sau ɗaya a rana har mako 6, misali yanka biyu na burodi da safe, taliya da rana, kuma ki ci gaba har sai an gama kyamarar, ba jinin kaɗai ba. Na san cikin zai yi ƙorafi. In abin ya fi ƙarfinki, amai ko zawon da ke kayar da ke, kada ki daure ke kaɗai, koma wurinsa. Akwai gwajin gado na HLA-DQ2 da DQ8 wanda bai damu da abin da kika ci ba, in ya nuna babu, kusan an tabbatar ba wannan cutar ba ce. In kuma sakamako ya tabbatar da ita, ki kawo 'ya'yanki da waɗanda kuke ciki ɗaya, don kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa kan ɗauke da ita, su ma kada kowa ya hana su burodi kafin a ɗibi jininsu.