Tambaya da Amsa: Littafin Babur da Awon Baƙin Mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Bajaj Boxer na hannu, mai shi bai haɗo min da littafinsa ba. Ina zan samu? Kuma duk lokacin da na auna baƙin mai sai in ga ya bambanta, yau ƙasa gobe sama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da buɗe murfin gefe da ƙarƙashin kujera, nan kamfani ke cusa littafin tare da ledar sifanoni, kuma da yawa ba su taɓa zaro shi ba. In babu, kwafi lambar shasi da ke wuyan babur da lambar inji, ka kai wa dilan Bajaj, ko ka nema a intanet da cikakken sunan samfurin. Boxer BM100 da BM150 ba injinsu ɗaya ba, kada ka ɗauki littafin wani ka yi wa wani aiki.

Batun yau ƙasa gobe sama, kusan kullum yadda ake awon ne matsalar. Babur a jingine kan ƙafar gefe, mai ya gangara ɓangare guda, duk abin da ka gani ƙarya ne. Ɗora shi kan ƙafa biyu ta tsakiya, a fili mai daidai. Tada inji ya yi minti 3 zuwa 5, kashe, jira minti 2 ko 3 man da ya hau kan inji ya sauko. In injinka mai 'yar tagar gilashi ne a gefen dama, durƙusa ka duba: man ya tsaya tsakanin zane biyu. In mai sandar awo ne a jikin murfi, goge gefen murfin tukun don kada yashi ya faɗa, zaro, share da tsumma mai tsabta, mayar, sake zarowa. A wasu injuna, kamar na Honda, ɗora murfin kawai ake yi ba a murzawa lokacin awo, kuma wannan na cikin abin da za ka tabbatar a littafinka, domin murzawa kaɗai kan sa mai ya nuna ya fi yadda yake.

Ƙananan injunan nan kusan lita 1 suke sha a juye, wasu ƙasa da haka kaɗan. Shi ya sa ƙari ake yi tsiyaye-tsiyaye, ana yi ana aunawa. Masu cewa yawan mai ba ya ɓaci sun yi kuskure: in ya wuce zanen sama yana kumfa, ya bi tiyon numfashi ya jiƙa matatar iska, sil (robar da ke tare mai) ya fara yoyo, salansa ta dinga hayaƙi. In kuma ya gaza, kan inji ne ke fara bushewa, za ka ji ƙas-ƙas, daga nan sai fistin ya kama.

Sayi man babur mai rubutun JASO MA (alamar man da ya dace da kulocin babur) a jikin roba, yawanci mai lambar kauri 20W-50 a zafin nan namu. Wasu man motar suna sa kuloci santsi, tunda kulocin babur cikin man yake wanka. Ka kuma shafa ɗigo a yatsa: in ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, in yana warin fetur, kafireta ce ke zuba. Duka biyun juye za a yi, bayan bakanike ya toshe hanyar.