Me ya sa ma'aikatan otal ba sa daɗewa?

Tambaya: Ni ce mai kula da masu gyaran ɗakuna a wani otal. Da zarar ma'aikaci ya ƙware sai ya ajiye aiki. Wasu su ce aiki ya yi yawa, wasu su ce an yi musu alkawarin ƙarin albashi bayan wata shida, aka yi shiru. Gajiya ce ke korar su, ko raki ne kawai?

Amsa: Malama, ba raki ba ne, kuma ba ku kaɗai ba ne. A Amurka ma, a 2019, yawan barin aiki a otal-otal da gidajen abinci ya haura kashi 70 cikin 100. Gajiyar gaskiya ce: wuni ana sunkuyo kan gadaje, yau aikin safe gobe na dare, ga baƙon da zai ci mutuncin mutum a ce dole ya yi murmushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙosawa, a 2019, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa.

Sai dai a ganina alkawarin nan ne ya fi yin ɓarna. Wanda ya shigo aikin otal ya san da wahala, ya kuma yarda. Tun 1989 Denise Rousseau, masaniya kan halayyar ma'aikata, ta yi bayanin yarjejeniyar da ba ta kan takarda, wadda ma'aikaci ke riƙe da ita a zuci: zan yi kaza, za a yi mini kaza. Manaja ya faɗi magana a tsaye a bakin ƙofa ya manta, ita kuwa mai gyaran ɗaki tana ƙirga watanni.

Ki lura da alamun. Wadda da can take taya abokiyar aikinta ƙarasa ɗakuna sai ta fara cewa "ba layina ba ne". Sai yawan neman hutun rashin lafiya, sai tafiya. Ɗakunanta su hau kan waɗanda suka rage, su ma su fara neman mafita.

Ki rubuta duk alkawarin da aka ɗauka, har da ranar hutun da aka danne, ki kai wa manaja. Wanda zai yiwu a sa masa rana a rubuce. Wanda ba zai yiwu ba a faɗa musu gaskiya, ido da ido. Jadawalin aiki kuma a fitar da shi da wuri. Yarjejeniya mai lamba 172 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1991, ta tanadi hakan ga ma'aikatan otal, tare da biyan su kuɗi ko hutu a madadin aikin da suka yi a ranakun hutun gwamnati.