Me ya sa ciwon gaɓɓai ke ci gaba bayan kumburi ya sauka?

'Yar'uwa, kin ce likita ya tabbatar amosanin gaɓɓanki ya lafa, amma zogin bai bar ki ba. Ba raki kike yi ba.

Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suna fitar da wasu ƙananan sinadarai da ake kira niyuropeptaid. Biyu sun fi shahara: Sinadarin P, wanda masana kimiyya biyu, von Euler da Gaddum, suka gano a 1931, sai wani da ake kira CGRP a taƙaice. Idan suka zuba a cikin gaɓa, hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, ƙwayoyin garkuwar jiki su taso. Wato jijiyar da kanta tana rura wutar kumburin. In abin ya daɗe, laka da ƙwaƙwalwa sukan saba da ƙara wa saƙon ƙarfi, har taɓawa kaɗan ta zama azaba, ko da gaɓar ta huce.

Abin takaici, magungunan toshe Sinadarin P ba su kashe ciwo a jikin mutane ba. Ɗayansu, aprepitant, maganin amai ya zama. Na CGRP kuwa, tun 2018, ciwon ɓarin kai suke magancewa.

Ki gaya wa likitanki yanayin zogin filla-filla, domin ciwon da ya koma na jijiya maganinsa daban da na kumburi.