Karsana ta haihu tana da wata 16: yaya za a kula da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina kiwon shanun nama, kuma a bara na yi sakaci na bar bijimi cikin garke tare da maruƙa mata da ba a yaye ba. Ɗaya daga cikinsu ta haihu makonni biyu da suka wuce tana da wata 16, da ƙyar aka ciro maraƙin, yanzu kuma tana ramewa, nononta bai ishe shi ba. Akwai wata mai wata 14 da hantsarta ta fara cika. An ba ni shawara in rage mata abinci don kada ɗan ya yi girma a ciki. Yaya zan yi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Saniya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 283, wato wata tara da 'yan kwanaki, saboda haka wadda ta haihu tana da wata 16 an barbare ta tun ba ta cika wata bakwai ba. Wannan yana faruwa fiye da yadda makiyaya ke zato, musamman a irin shanun nama masu saurin balaga kamar Angus, idan maraƙa ta samu nono isasshe kuma bijimi yana tare da ita kullum. Shanu masu tozo sun fi jinkirin balaga, amma su ma ba a sakankancewa da su. Abin da ake so shi ne a barbari karsana bayan ta kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin da za ta yi idan ta gama girma, ta haihu tana da kimanin shekara biyu, lokacin da ta kai wajen kashi 85. Naka sun riga wannan lokaci da wata takwas ko fiye, kuma duk matsalar daga nan ta taso.

Zan fara da mai cikin, domin ita ce ke da sauran damar a gyara mata al'amari. Kada ka bi shawarar rage abinci. Yunwa ba ta rage girman ɗan tayi sai kaɗan, domin jikin uwa yana fifita shi a kan kansa, yana narkar da tsokarta da kitsenta ya ciyar da shi. Abin da yunwar ke ragewa shi ne girman uwar da ƙashin ƙugunta, wanda shi ne ƙofar da ɗan zai bi, sannan ta shiga naƙuda ba ta da ƙarfin yunƙuri, dakashinta ya yi ƙaranci, maraƙin ya fito da rauni. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe yake faruwa, a daidai lokacin da ita ma take buƙatar girma. Sai dai cika ta da hatsi har ta yi ƙiba shi ma kuskure ne, domin kitse yana taruwa a hanyar haihuwa ya ƙara ƙuntata ta. A ma'aunin ƙibar jiki na 1 zuwa 9 da likitocin dabbobi ke amfani da shi, ana son ta haihu tana kan 6, wato haƙarƙarinta ba sa fitowa ga ido amma kana jin su idan ka danna da hannu. Ka ware ta daga manyan shanu, domin a wurin cin abinci su ne ke ture ta, ka ba ta ciyawa mai kyau da ɗan ƙarin abinci mai furotin, da gishirin lasa da ruwa mai tsabta.

Ka kira likitan dabbobi ya duba ta yanzu, tun kafin naƙuda. Zai ƙiyasta watannin cikin, ya kuma auna faɗin ƙugunta, ta yadda za a san ko za ta iya haihuwa da kanta ko a shirya tiyata. Da an gano cikin da wuri, allurar prostaglandin tana zubar da shi har zuwa wajen kwana 150, bayan haka kuma sai an haɗa ta da wani magani mai suna dexamethasone, amma tun da hantsa ta fara cika, a ganina wannan ƙofa ta kusa rufewa, domin zubar da cikin da ya tsufa yakan bar mabiyiya a maƙale. Wannan aikin likita ne shi kaɗai, kuma mace mai juna biyu ko mai ciwon asma kada ta taɓa prostaglandin ko da a fata ne. Sauran maruƙa matan da suka zauna da bijimin nan duk a duba su, domin da wuya a ce biyu kawai ya samu.

Idan haihuwa ta matso, a ajiye ta kusa, inda akwai haske da wurin kame ta, a riƙa leƙa ta kowane awa biyu ko uku, har da dare. Akwai wata dabara da wani makiyayi ɗan Kanada mai suna Gus Konefal ya yi suna da ita, ta ba shanu abinci da dare, wadda ke sa akasarinsu haihuwa da rana, kuma dabarar ba ta cin kuɗi. Da zarar faya ta bayyana, ko ƙafafu suka leƙo, ka duba agogo. Idan ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba tare da ɗan ya ƙara fitowa ba, ko awa ɗaya ta wuce ba ta haihu ba, a sa hannu mai tsabta da man santsi a duba. Ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu shi ne daidai. Idan ƙafafun sun gitta juna, ko kan ya ƙi shigowa tare da su, alama ce ta cewa kafaɗun sun fi ƙarfin ƙugun. Ƙarfin mutum biyu shi ne iyakar abin da ake ja da shi, kuma ana ja ne lokacin da take yunƙuri, a sassauta idan ta huta. Idan da wannan ƙarfi gaɓoɓin da ke saman kofato ba su fito da faɗin tafin hannu ba, a daina, a kira likita ya yi tiyata. Na sha ganin karsanar da aka ja wa ɗa da babur ko da taron mutane, ɗan ya mutu, ita kuma jijiyoyin ƙafafunta na baya suka lalace ta kasa tashi, alhali tiyatar da aka guje wa saboda kuɗi da ta tsirar da duka biyun.

Bayan haihuwa, maraƙi ya sha dakashi cikin awa biyu na farko, ya kuma samu kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a cikin rabin yinin farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ba ya ƙara karɓar garkuwar da ke ciki. Dakashin 'yar karsana ba shi da yawa, don haka yana da kyau a tanadi na babbar saniya mai lafiya daga garkenka. A tsoma cibiya a aidin. Mabiyiya takan faɗo cikin awa 12, idan ta wuce awa 24 a sanar da likita, kada a ja ta. A killace uwa da ɗa su kaɗai na 'yan kwanaki, domin ƙaramar uwa da ta sha wuya takan ƙi ɗanta.

Ita kuwa wadda ta riga ta haihu, ramar da kake gani lissafi ne mai sauƙi. Jikinta yana raba abinci kashi uku, na rayuwa, na nono da na girmanta, ga kuma raunin haihuwa da ke warkewa, alhali cikinta ƙarami ne ba ya ɗaukar ciyawa da yawa, kuma nan da 'yan watanni za ta fara famfara, haƙoran gaba su sauya, kiwo ya ƙara yi mata wuya. Da farko a tabbatar ba ciwo ke cin ta ba: zazzaɓi da ya haura digiri 39.5, ko ruwa mai wari daga farji, ko ƙin cin abinci, alamun ciwon mahaifa ne, wanda yakan biyo bayan haihuwa mai wuya. Idan babu waɗannan, a ƙara mata abinci mai ƙarfi a hankali cikin mako biyu, kada a zuba mata hatsi da yawa a rana ɗaya cikinta ya lalace, a kuma sa furotin ya kai kashi 11 zuwa 12 cikin 100 na abin da take ci. A ba ta maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita, domin ƙananan shanu sun fi manya cutuwa da ita.

Abin da ya fi komai taimakon ta shi ne a sauke mata nauyin shayarwa. Idan kana da saniyar da ɗanta ya mutu, ko mai yalwar nono, ka haɗa ta da maraƙin, in babu kuma ka ƙara masa da madarar gari ta maruƙa, ka fara saba masa da abincin maruƙa tun yanzu. Ana iya yaye shi yana da wata biyu zuwa uku, muddin yana cin wajen kilo ɗaya na wannan abinci a rana. Ni na fi son a yi asarar ɗan nauyi a jikin maraƙi guda da a tsumburar da saniyar da za ta yi shekara goma tana haihuwa.

Kada ka mayar da ita wurin bijimi da zarar ta fara nema. Ka bar ta ta huta ta yi girma har jikinta ya dawo, ko da za ta tsallake zagayen barbara ɗaya, sannan ka zaɓa mata bijimin da aka san 'ya'yansa ba sa zuwa da girma a haihuwa. Idan bijimin da ya barbare su ubansu ne, kada ka ajiye 'ya'yan don iri. A garke kuma, ka fitar da bijimi da zarar lokacin barbara ya ƙare, ka raba maruƙa mata da maza tun suna wata biyar, ko ka dandaƙe mazan da ba ka nufin iri da su, domin ɗan maraƙi mai wata takwas ko tara ma yana iya yi wa 'yar'uwarsa ciki.