Maigida, kifin nan da muke sayarwa lafiya kuwa?

Ɗana, ka tambaye ni ko har yanzu kifi abincin lafiya ne, tunda kana jin masu saye suna cewa na teku guba ce a jikinsa, na kogi ya sha ƙazantar gari, busasshe kuwa feshi ake yi masa. Har ka ce hannunka na yin nauyi in mai ciki ta zo saye. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Amsata ita ce a ci kifi, ni ma shi nake kai wa iyalina. Likitocin zuciya ma cewa suke a ci sau biyu a mako. Akasarin cutar da kifi ke yi wa mutane a garin nan ba daga ruwa ya fito da ita ba, a hannunmu yake samunta, tsakanin ranar da aka kama shi da ranar da ya shiga tukunya.

Maganar gubar teku tana da asali. Sinadarin makuri ne, irin wanda masu haƙar zinare ke aiki da shi. A garin Minamata na Japan, a 1956, aka gano mutane suna shanyewa saboda cin kifin ruwan da wata masana'anta ke zuba shi a ciki. Amma makuri a jikin manyan kifaye masu cin 'yan uwansu yake taruwa, waɗanda suka yi shekaru a teku, kamar shak da manyan tuna. Mu ba su muke sayarwa ba. Taitus da shawa da sardin ƙanana ne, makurinsu kaɗan ne, ga man nan nasu mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwar jariri. Don haka in mai ciki ta zo, miƙa mata da zuciya ɗaya.

Abin da ya kamata ya hana ka barci game da kifin sanyi shi ne narkewa. Kifin nan daga Norway ko Holan ko Rasha yake tasowa a daskare, a sauke shi a Legas, a ɗoro shi a mota zuwa Kaduna. Ƙa'idarsa ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har firizarmu. Muddin yana cikin wannan sanyi, ba ya buƙatar wani magani, kuma zai yi watanni lafiya lau. To amma mota na lalacewa a hanya, ana ɗauke wuta, wani mai ɗakin sanyin kuma ya kashe janareta da dare don tsimin mai, da safe ya kunna, kifi ya sake ƙanƙara kamar ba abin da ya faru. Taitus da danginsa in suka ɗumama, ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari a namansu mai suna histamin. Ka riƙe wannan da kyau: suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, yi masa banda ma haka, kuma ba dole ne kifin ya yi wari ba. Mutum zai ci ya ji bakinsa na yaji-yaji alhali ba a sa barkono ba, kafin awa guda fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi, wani har amai da gudawa. Sai ya ce kifi ba ya karɓarsa, nan kuwa mai sayarwa ne ya cuce shi.

Shi ya sa kake ganin ba na biyan kuɗin katan sai na juya shi na duba gindinsa. In kwalin ya yi laushi ko ya yi taswirar ruwa, in ka buɗe ka ga jini ya gangaro ƙasan leda ya daskare a can, in kifayen sun manne da juna sun lanƙwashe, to ya narke an sake daskarar da shi. Duba cikinsa kuma. Wanda cikinsa ya fashe ko gefensa ya fara rawaya, mai ya lalace ke nan. Mayar musu da kayansu ko da sun rage maka rabin kuɗi. A teburinmu ma, fito da abin da za ka iya sayarwa kafin rana ta take kawai. Wanda ya wuni a tire har ya saki, ba ya komawa firiza.

Kifin kogi kuwa, masu saye ba su yi ƙarya duka ba. Kogin Kaduna ta tsakiyar gari ya ratsa, magudanan Kakuri da Makera da kwatocin unguwanni duk cikinsa suke zuba. Wanda aka kama daf da bakin magudana ba na sayensa. Na fi son na sama da gari, ko na dam ɗin Kangimi, ko wanda ya zo daga Shiroro da Yawuri. Tambayi masunci inda ya jefa komarsa, wanda kuka saba ba zai ɓoye maka ba. Wanda ya fi kwata muni shi ne mai zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta kamu da guba, amma har yau akwai marasa tsoron Allah. In kwando ya zo da karfasa manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, duk matattu, ciki ya yi saurin laushi, ko ka ji warin magani, juya baya ka tafi. Ɗanyen kifi mai kyau idonsa garau yake, in ka ɗaga murfin gefen kansa za ka ga ja jawur, in ka danna tsoka da yatsa ta taso ta koma daidai. Tarwaɗar kiwo da sauƙi, tunda da ranta kake sayenta. Sai dai ka tambayi mai gonar ko ya ba su magani kwanan nan, in ya ba su, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika.

Busasshen kifi ne inda raina ya fi ɓaci, don a nan da gangan ake yi. Kwali ya taso daga Baga ko Yawuri, damina ta kama shi, ƙwari su shiga su fara mayar da shi gari. Maimakon mutum ya hura wuta, sai ya ɗauko Sniper ko fiya-fiya ya yayyafa. Maganin ƙwarin gona ne fa, hanyoyin jijiya yake kamawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Shi ne wanda aka samu a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken a 2015. Su suna da na'urar gwaji, matar da ta zo sayen kifin miya daga Rigasa ba ta da komai sai yarda da kai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, balle algus da guba. In ka shiga rumfa ka ga ƙuda ya cika teburin maƙwabta amma ko ɗaya bai sauka a kan wani tari ba, sa hanci ka shinshina kafin ka taya. Ni a rumfata kwalbar nan ba ta shiga, ranar da na gan ta a hannunka mun rabu.

Maganin ƙwari wuta ce da haƙuri. Ka gyara kifi ka zubar da kayan ciki, ka wanke, ka sa gishiri, ka bar shi ya tsane kafin ya hau waya. A fara da wuta mai ƙarfi har ya dahu, sannan a ja itace baya a bar garwashi da hayaƙi kaɗan su busar da shi a hankali, har in ka ƙwanƙwasa biyu ka ji suna ƙara. A watan Agusta, da iska ke cike da laima, duk bayan 'yan kwanaki sai ka mayar da shi kan banda ka ɗumama. Wanda ya yi fumfuna fari ko kore, zubar da shi ake yi, ba a goge shi da mai a sayar. Itacen ma ka zaɓa, kirya ko marke busassu. Kada ka kuskura ka tada wuta da leda ko roba ko guntun taya ko katako mai fenti, don hayaƙinsu na barin sinadarai masu jawo kansa a jikin kifin. Baƙi ƙirin ɗin da wasu ke ɗauka alamar ya bandu, ƙonewa ce. Launin da kake nema ja ne mai duhu, yana ɗan sheƙi.

Masu saye kuma ka riƙa gaya musu su jiƙa busasshen kifi a ruwan zafi da gishiri su wanke shi sosai, ɗanye kuma su dafa shi a ranar har tsokar ta rabu da ƙaya. Gobe da asuba kai zan tura ɗakin sanyi ka ɗauko mana katan uku na taitus. Ka juya kowanne ka duba gindinsa a gabansu, wanda bai yi maka ba ka ce a canza, in sun ƙi ka dawo min da kuɗina.