Tambaya da Amsa: Ina so in yanke rufin ƙaramar Ford ta 1932, in ɗora mata injin motar tsere

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya aiko mini da kwalaye biyu daga Amurka, na ƙananan motocin roba da ake harhaɗawa da hannu. Ɗaya Ford ce ta 1932 mai rufi, ɗayar kuma doguwar siririyar motar tsere ce mai inji a gaban direba, duka an rubuta 1/25 a jikinsu. Ina so in rage tsawon rufin Ford ɗin kamar yadda nake gani a hotuna, in kuma cire injin doguwar in sa mata. Ina da sufa gulu da gwangwanin fentin mota. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ya iya zaɓe, kuma abin da zuciyarka ta raya maka shi ne ainihin sana'ar. Haka samarin kudancin Kalifoniya suka yi tun shekarun 1930: su sayi tsohuwar Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. Wannan ita ake kira hot rod. Daga baya gudun ya koma kan miƙaƙƙen titi mai tsawon mita 402, aka kafa hukumar shirya wannan tsere a Amurka, NHRA, a 1951, aka shiga ƙera mota domin wannan tseren kaɗai, wato dragsta. Taka mai inji a gaba irin ta shekarun 1960 ce, domin bayan hatsarin da ya ci wa shahararren direban tsere Don Garlits rabin tafin ƙafa a 1970, ya fito da mai inji a bayan direba a 1971, sauran kuma suka bi sahu.

Kafin ka taɓa reza, ka yanke shawara: motar titi kake ginawa ko ta filin tsere? Wannan tambayar ita ce za ta jagoranci komai, kuma ita ce sababbin hannu suke tsallakewa. Injin dragsta na wancan zamani ba shi da lagireto, don bai fi 'yan daƙiƙoƙi yana aiki da ƙarfi ba. Yawancinsu ba su da akwatin giya, kulocin ne kawai tsakanin inji da tayoyin baya, kuma da wata mota ake tura su kafin su tashi. Idan ka ɗauke shi yadda yake ka dasa a Ford mai fitilu da lamba da lallausar kujera, duk wanda ya san mota zai ga ƙarya. In ta titi kake so, bar mata lagiretonta da bututansa biyu, ka haɗa injin da akwatin giyar da ya zo a kwalin Ford, ka ja salansa zuwa baya. In ta tsere ce, cire fitilu da fenda da kujerar fasinja, ka sa manyan tayoyin dragstar marasa zane a baya, ka bar gajerun bututan hayaƙin nan takwas suna kallon sama. Ni dai a karon farko ta tsere nake ba da shawara, don ta fi yafe kuskure.

Ga abin da zai sauƙaƙa maka lissafi. A ma'aunin 1/25, inci ɗaya na motar gaske daidai yake da kusan milimita ɗaya a taka. Tazarar tayoyin gaba da na baya a Ford ta 1932 inci 106 ce, ka auna taka za ka samu wajen milimita 108. Saboda haka idan ka ji an ce an rage rufin mota da inci 3, milimita 3 kawai za ka yanke. In nan gaba ka sami kwali mai 1/24, kamar yawancin tsofaffin na kamfanin Monogram, inji da tayoyi sukan shiga ba a gane ba, amma bodi da gilashi ba sa haɗuwa.

Aikin farko shi ne tsayuwar motar. Ka harhaɗa shasi da bodi da tayoyi huɗu da salatif na takarda, babu gam ko ɗigo, ka ajiye a tebur ka durƙusa ka kalle ta daga gefe. Hot rod ta gargajiya gabanta a sunkuye yake, tayoyin gaba ƙanana, na baya manya. Ka tabbatar tayoyin huɗu sun taɓa ƙasa kuma kowace tana tsakiyar gurbinta. Motar da tsayuwarta ta yi kyau za ta burge ko da fentinta bai kai ba, wadda kuwa ta karkace babu ƙyallin da zai cece ta. A nan ne kuma za ka gwada injin. In irin Hemi na Chrysler ne, wanda shi ya fi yawa a waɗannan dragsta, yana da faɗi sosai, dole ka haƙura da murafen gefen bonet, wataƙila ma ka ja bangon da ke tsakanin inji da direba baya da milimita biyu ko uku. Masu motocin gaske ma haka suka yi.

Sufa gulu ɗinka ka ajiye shi don waya da ƙarfe. Robar waɗannan motoci, wadda ake kira folistirin, tana da nata gam mai ruwa, irin na kamfanin Tamiya ko Revell, wanda yake narkar da fuskokin biyu su zama abu guda. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a kan gilashi da sassa masu ƙyalli, kuma ba ya fita da sauƙi. Gilashi da farin gam na kafinta ake liƙa shi. Sassan da aka yi wa rufin azurfa kuwa, sai ka kankare daidai wurin da za su haɗu, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Idan ƙyallin ya yi maka yawa, jiƙa su a ruwan bilic na wanki, zai tafi ya bar roba tsirara, ka yi musu fentin alminiyam. Na'urar cusa iska da ke saman injin, wadda asalinta daga injin dizal na GMC 6-71 aka aro ta, ta fi kama da gaske in ba ta walƙiya kamar madubi.

Yanzu rufin. Ka yi sa'a da wannan mota, domin ginshiƙan rufinta kusan a tsaye suke. A mota irin Mercury ta 1949, ginshiƙan a kwance suke, da zarar ka cire yanki sai rufin ya gaza, sai an tsaga shi an ƙara masa tsawo. A taka bambancin kaɗan ne. Yanko siririn salatif mai faɗin milimita 3, ka zagaye ginshiƙan da shi a tsayi ɗaya, wajen tsakiyar tagogi. Ka yanka da siririn zarto a ciki da layin, ba a kansa ba, ka ƙarasa da sanfefa a kan abu mai shafe, kana yi kana gwadawa. Abin da ka cire ba ya dawowa. Tagar baya ka yanke ta daban da firam ɗinta ka mayar daga baya, kada ta zama tsaga. In ginshiƙan gaba sun ƙi haɗuwa, ɗan tsaga gindinsu ka kwantar da su baya kaɗan. Ka ƙarfafa mahaɗar daga ciki da guntun roba, ka bar ta kwana biyu, sannan ka cike da fila kaɗan kaɗan, ka goge da sanfefa mai lamba 400, sai 600, sai 1000. Gilashin da ya zo a kwali ba zai ƙara shiga ba, sai ka yanko sabo daga robar fakitin kaya wadda ake hango abu ta cikinta. Ina roƙonka ka fara gwada hannunka a kan sandunan robar da sassan suke maƙale a jiki, ka yanka ka haɗa har layin ya ɓace.

Fentin mota yana da tina mai zafi da ke cin wannan roba, ta yamutse. Ka wanke bodin da sabulun kwanuka, ka fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka sau biyu ko uku a hankali, ka bar shi ya bushe sosai, sannan ka gwada fentinka a bayan cokalin roba kafin ya taɓa motar. Fesawa daga nisan kamar santimita 25, a waje inda iska ke wucewa, da abin rufe hanci. A Zariya abokan gabarka biyu ne: ƙurar hunturu da laimar damina, wadda ke sa fenti ya yi fari ya dusashe. Da ka gama fesawa ka kife mata roba mai tsabta. Kada ka shanya ta a rana ko ka bar kwalin a cikin mota a watan Afrilu, zafi yana lanƙwasa bodin.

Abin da zai fi ɗaga wannan motar, tunda injinta a buɗe zai zauna, shi ne wayoyin filogi. Wayar gaske tana da kaurin milimita 7 zuwa 8, wato kusan 0.3 a ma'auninka, kuma za ka sami mai kama da haka cikin tsohuwar igiyar abin sauraron kunne. Huda ramuka da ɗan bit mai milimita 0.4 ko 0.5, da yatsu kake juya shi, ba da injin huda ba. A Hemi wayoyin ta tsakiyar murafen bawul suke shiga, huɗu kowane gefe, kuma jerin tashin wutar silinda takwas ɗin 1-8-4-3-6-5-7-2 ne. Ka bar su su ɗan saki ƙasa kamar masu nauyi. Daga nan ka goge fuskar tayoyin baya da sanfefa har sheƙin ya tafi, ka kuma yi wa wilin fenti kafin ka sa su, domin robar wasu tayoyin tana narkar da wili in sun daɗe a manne ba shamaki.