Tambayi Barista: An kawo mana ɗan daudu caji ofis, abin da aka yi masa ya tsaya min a rai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, ranka ya daɗe, ya aiki ya iyali. Ni kofur ne na 'yan sanda, shekarata shida da shiga aiki, don Allah a sakaya sunana da inda nake. Wani dare ina kan kanta wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga samarin unguwa sun taso ƙeyar wani ɗan daudu da ke suyar waina a bakin tasha, ya ɗaura zani hannunsa da lalle, sun riga sun fasa masa baki wai yana ɓata musu yara. To maimakon a tambayi wa ya dake shi sai abokan aikina suka hau dariya, wani ya fizge zanin wai sai an ga mace ce ko namiji, wani ya ciro waya yana ɗauka, daga ƙarshe aka tura shi sel cikin ƙarti kusan sha biyar daga shi sai gajeren wando. Ni ban taɓa shi ba amma kuma ban ce uffan ba. Da asuba na leƙa na gan shi a rakuɓe kusa da bokitin fitsari yana rawar ɗari, sai na miƙa masa tsohuwar rigar sanyina. Wallahi ni ban yarda da daudu ba, addinina ma bai yarda ba, amma na kasa mantawa. Me doka ta ce mu yi da irinsu, da waɗannan masu cewa sun sauya jinsi da muke gani a TikTok? Kuma in na kare shi ban goyi bayan saɓo ba ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maka da alheri kan rigar nan, kuma na gode da ka rubuto, don irin wannan da yawa a caji ofis yake mutuwa ba mai ji.

Bari in fara da inda ba zan ɓoye maka ba. A arewa dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code), sashe na 405, ta sanya namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza, jihohin da ke da dokokin shari'a ma suna da irin nasu tanadin, don haka ba zan ce maka ba a taɓa iya tuhumar mutum a kan shiga ba, an yi, masu shekaru za su tuna mutum 18 da aka kama a Bauchi a 2007. Sai dai wannan magana ta alƙali ce, shi zai ji shaida ya yanke. Aikinka kai ka rubuta, ka tsare lafiya, ka kai kotu ko ka ba da beli. Fizge zani da ɗaukar bidiyo babu su a kowace doka, hasali ma su ne laifin da ya fi girma a daren nan.

Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ambaci abin da abokan aikinka suka yi kamar an gaya mata, tuɓe mutum tsirara don a kunyata shi, zagayawa da shi a idon jama'a, aske masa kai ba da sonsa ba, duk ta ƙirga su a cikin azabtarwa, hukuncin yana iya kaiwa shekara 25 a gidan yari, kuma ta ce ba uzuri ba ne mutum ya ce oga ne ya sa ni. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin a mutunta shi, bai ce banda ɗan daudu ba. Sannan dokarku ta 'yan sanda ta 2020, wadda nake roƙon kowane kurtu ya samu ya karanta ko a waya ne, sashe na 54 ya ce irin shigar mutum ko gyaran gashinsa ko kallon da ake yi wa wani rukuni na mutane ba ya zama dalilin zargi da zai sa a tare mutum a caje shi.

Abin da ya fi ƙona min rai a labarinka shi ne mutum ya shigo da jini a baki amma ba wanda ya tambayi samarin nan komai. Su suka zo da laifi a hannu ai. Abin da ya kamata a yi a kan kanta shi ne a raba shi da su, a rubuta lokacin da aka kawo shi da raunin da ke jikinsa, a kai shi asibiti da fom ɗin 'yan sanda, a ɗauki sunan waɗanda suka dake shi. In suna da ƙorafi na gaske cewa ya taɓa wani yaro to wannan babban zargi ne, a kawo yaron da iyayensa a bincika tsakani da Allah kamar yadda za a yi wa malamin makaranta ko ɗan kasuwa, in kuma babu komai sai lalle da rangwaɗa to kun ga an yi amfani da ku ne kawai.

Maganar caje. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a caje mutum cikin mutunci kuma wanda suke jinsi ɗaya ne zai caje shi, jihohi da yawa sun kwafi wannan a tasu. Ba ta yi bayanin wanda lamarinsa ya rikice ba, to a nan hankali ne zai yi aiki, a shigar da shi ɗaki ba a gaban jama'a ba, jami'i biyu sun isa, a tambaye shi a hankali, makami ko ƙwaya ake nema ba al'aurarsa ba. Kuma ka sani ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai ɗan daudu, wanda tun kaka da kakanni Bahaushe ya san shi a wajen tuwon sayarwa da gidan biki, wasu ma da matansu da 'ya'yansu. Akwai mata-maza da aka haifa da halitta mai ruɗani, waɗanda malaman fikihu suka ware musu babi a gado tun ɗaruruwan shekaru, wannan bai zaɓi komai ba. Akwai kuma masu cewa jikinsu daban abin da suke ji a ransu daban, wasu har da shan magani ko tiyata. Kai a bakin kanta ƙarfe sha ɗayan dare ba za ka iya tantance wane ne wane ba, kuma ba a ɗora maka ba, in har shari'a ta buƙaci a sani to likita ne zai duba bisa umarnin kotu.

Sel kuwa, don Allah kar a sake. Duk wanda ya yi aikin kanta ya san me ake yi wa mai rauni a cikin sel da dare, balle wanda aka tura da gajeren wando ana masa dariya, ai kamar an ce ga nama ne. In ba ku da ɗakin warewa, a ajiye shi a bayan kanta inda ido ke kansa har gari ya waye, an sha yi wa masu kuɗi haka ba wanda ya ce an karya doka. In wani abu ya same shi a hannunku sunan wanda ke kan diyuti za a nema, kuma a daren nan sunanka ne a rajista.

Wani ɗan abu da mutane ke rainawa shi ne kira. Hausa ba ta barin mutum ya tsaya a tsakiya, ko ka ce kai ko ka ce ke. A takarda rubuta sunan da ke katinsa na ɗan ƙasa, ka ƙara da wanda aka fi saninsa da shi. A baki kuwa ka tambaye shi sunansa ka kira shi da shi, in zuciyarka ba ta ba ka ka ce ke ba to ba dole, ka ce ku, ko bawan Allah, ya wadatar. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ɗan iska da la'ananne daga bakin mai kaki.

Sauran haƙƙoƙinsa irin na kowa ne, a gaya masa dalilin tsare shi da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu awa 48, beli kuma kyauta ne. Na nanata belin ne saboda na san irinsu su aka fi tatsa, an san ba za su kai ƙara ba don tsoron tonon silili.

Tambayarka ta ƙarshe, ni ba malami ba ne, amma ka buɗe Suratul Ma'ida aya ta 8, inda Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Hana a zalunci mutum daban, yarda da rayuwarsa daban, likita ma yana ɗinke ɓarawo ba a ce ya goyi bayan sata ba. Ko Pakistan da take ƙasar Musulmi, 'yan sandan Rawalpindi sun buɗe ofishi na musamman a 2020 don sauraron koken irin waɗannan mutane, duk da malamansu na ta jayayya kan dokar da aka yi musu a 2018.

Yanzu abin da ya rage a wuyanka bidiyon nan ne. Ka samu wanda ya ɗauka ku biyu ka gaya masa ya goge tun bai shiga WhatsApp ba, don ranar da ya fita bawan Allah nan ba zai ƙara iya zama a garin ba, shi ma mai ɗaukar ya ba da shaida a kan kansa. In ya ƙi ka kai wa DPO, in kana tsoron a juyo kanka akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mai ofisoshi a jihohi. Kuma ba ka gaya min yadda aka ƙare da shi ba, an sake shi ne ko an kai shi kotu, an duba bakin nasa kuwa? Ka sake rubuto min.